Kayan Ɗakin Naja'atu Za Su Dabaga

Tun da hantsi tsakar gidan ta cika da katan-katan. Naja'atu tana naɗe kofunan shayi cikin tsofaffin zannuwa tana waƙa, mijinta Jamilu kuma yana kwance ƙafafun gado. Yau za su bar ɗakin haya na Agadas, su koma Dabaga inda Jamilu ya sayi garka, wato lambu, da rijiyarta, bayan shekarun da ya sha a dajin zinariya.

"Jamilu, turmina fa? Kada shofer ya ɗora firigo a kansa."

"Turminki shi zai zauna gaba, ni in hau baya," in ji shi. Ta fashe da dariya.

Kamiyon da zai kwashi kayan ya kusa cika sai ga Hajiya Kadidia, mahaifiyar Naja'atu. Ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"A sauke. Gado, armuwar ta ajiye tufafi, kwanuka, ni na saye su. Ban yi wa 'yata kayan ɗaki don a kai su ƙauye ba."

"Inna, ai mun yi maganar nan..."

"Kun yi dai. Ni ban amsa ba."

Maƙwabta suka fara leƙe. Jamilu ya dubi matarsa, ya ga idonta ya kawo ruwa. Ya durƙusa ya gaida surukarsa, sannan ya hau kamiyon ya fara kwance igiya. Shofer na ta ƙorafi, bai kula shi ba. Ya sauko da katifa, ya sauko da madubi, yana jera su a inuwa a hankali.

Naja'atu ta share hawaye, ta ɗauko tabarma da tukunya guda. "Inna, kaya naki ne, ki riƙe. Wannan ta ishe mu. Ki dai sa mana albarka."

Hajiya ta zauna daɓas a kan akwati. Ta dubi cikin 'yarta.

"Ke da tsohon ciki? In damina ta sauka, ruwa ya cika kwari ya yanke hanya, naƙuda ta kama ki, wa zai kai ki likita? Ke kaɗai gare ni."

Jamilu ya ajiye madubin, ya matso. "Inna, da kin faɗa mini. Wallahi kafin ruwan farko zan maido miki ita. A ɗakinki za ta haihu, ta yi arba'in, sai ranar da kika ce in zo."

Hajiya ta dube shi. Can ta miƙe, ta buɗe katan ɗaya, ta kama haɓa.

"Wa ya ɗaure wannan? Haka ake sa tangaran a hanyar duwatsu? Ba ni zanen can. Kai kuma mayar da katifar, me kake jira?"

Nan gida ya sake kaurewa. Maƙwabta suka shigo da hannu, wata ta rangaɗa guɗa, Hajiya na ba da umarni kamar ita ce mai tashin. Da aka gama, ta gyara lulluɓi ta shige gaban mota kusa da 'yarta.

"Sai na ga rijiyar nan da idona."

Jamilu ya hau baya, ya zauna kan buhun gero yana murmushi. Da ya mayar da magana ɗazu, da yanzu kowa na kuka a ɗakinsa. Sau da yawa faɗan iyaye tsoro ne ba ƙiyayya ba, kuma mai haƙuri ne kawai ke tsayawa har ya ji abin da ke ƙarƙashinsa.