Sujadar Muhibbat

Gwiwar matata Muhibbat ta sandare, kuma ba likita ne ya ɓata aikin ba. A cikin gidana aka ɓata shi, nan Sabo, unguwarmu ta Hausawa a kudu, ina zaune a zaure kamar baƙo.

Ni goro nake sayarwa, boko ban yi nisa ba, amma abin da aka faɗa mini da baki ba na mantawa. Ranar da za a sallame mu likitan ya riƙe hannuna.

"Alhaji, mun cire wadda ta lalace, mun sa ta ƙarfe. Saura aikinku. Kullum ta taka, kullum ta lanƙwasa. Za ta yi kuka, kar tausayi ya hana ka. In ta kwanta, gwiwar za ta daskare."

Shekaru Muhibbat ta yi a durƙushe gaban tandar waina har gwiwar ta cinye. Ta daɗe tana salla a kan kujera. Abu ɗaya ta tambayi likita.

"Zan iya sujada?"

"In kin daure, akwai rabo, Alhaja."

Da muka biyo ta kasuwar Mokola na tsayar da tasi, na saya mata darduma mai kauri. Ta rungume ta kamar jaririya.

"Baban Ridwan, ni ba gudu nake so ba... goshina kawai nake so ya taɓa ƙasa."

"Zai taɓa, Muhi. Ko da za ki tsane ni."

Da farko abin ya tafi daidai. In kama diddigenta, in tura a hankali, ita kuma ta yi ta zagina.

"Mugu... hannu kamar na mahauci."

"Na ji. Ƙara kaɗan."

"Allah ya isa tsakanina da kai."

"Amin. Ƙara kaɗan, hasken gidana."

Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Gwiwar ta fara ba da kai.

Ana haka Inna, mahaifiyarta, ta sauka daga Kano don jinya. Ta tarar da 'yarta a tsakar gida, dafe da sandar asibiti mai ƙafa huɗu, tana kuka tana takawa. Ba ta dube ni ba. Bango ta yi wa magana.

"A gaya wa mai gidan nan, ban haifi 'ya don a yi mata horon jaki ba."

Ta shimfiɗa tabarmarta a ɗakin Muhibbat. Shi ke nan, aka rufe mini ƙofa. Tunda na auri 'yarta ban taɓa kallon ƙwayar idonta ba, ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Ɗakin da surukarka take kwana kuwa, daga bakin ƙofa za ka durƙusa ka gaida, ka juya. Ni da direbobin tirela suke shakkar bakina a tashar Ojoo, na koma mai leƙen labule a gidana.

Sai 'yan dubiya suka cika gida, kowace da ƙullin maganinta, kowace likita ce. Suna cin wainar da aka saya musu suna cewa, "Ki kwanta, baiwar Allah, me ake gaggawa?" Ban taɓa jin ƙyamar kalmar sannu ba sai lokacin.

Ɗaya daga cikinsu ce ta kawo Jafaru mai ɗori. Na tare shi a zaure, yana riƙe da karare da tsumma da gwangwanin man shanu.

"Malam, ba karaya ba ce. Ƙarfe ne a ciki."

"Ƙarfe ko ƙashi, Alhaji, abin da aka yanka sai an ɗaure shi ya huta."

"Ka taɓa ganin irin aikin?"

"Ubana ya yi ɗori, kakana ya yi."

Muryar Inna ta fito daga ciki. "A bar malam ya shigo."

Ya wuce ni. Ƙato, baƙo, ya shiga ɗakin matata, ni ina tsaye riƙe da buta.

Daga ranar, a waya nake magana da Muhibbat. Tsakar gida ce kawai tsakaninmu.

"Muhi, ki kwance abin nan."

"Inna na kusa..."

"Ki ce mata likita ya hana."

"Na faɗa. Kuka ta yi. Ta ce ita ta raine ni ba likita ba."

"To ki zaɓa."

"Kar ka ce in zaɓa, Baban Ridwan. Da tsufanta ta sha wannan hanyar saboda ni. In na kwance a gabanta, na ce mata ba ta iya uwa ba ke nan."

"Sujadar fa?"

Ina jin numfashinta. Sai ta kashe wayar.

Ranar komawa asibiti na kawo tasi har ƙofar gida, Inna ta ce iska za ta shiga ciwon. Na je wurin manyan unguwa, suka ce, "Haƙuri, Alhaji, suruka ce." Haƙurin nan da bakinsu suke yin sa, ƙafar ta matata ce.

Makonni suka wuce. Wata azahar ina alwala wari ya iso ni. Na san warin goron da ya ruɓe a huhu, wannan ya fi shi. Na ajiye buta, na ɗauko wuƙar da nake yanke igiyar huhu, na ɗaga labule na shiga.

Inna ta ja mayafi ta rufe kai.

"Innalillahi... har inda nake kwana?"

"Ɗakin matata ne, Inna."

Ranar na fara ganin fuskarta sosai. Tsohuwa ce kawai, a tsorace. Hakan bai hana ni ba. Na yanke tsumman, kararen suka zube. Man shanu ya yi tsami, ya cakuɗe da wani baƙin gari da mugunya, fatar ta yi fari ta jiƙe, bakin ɗinkin ya buɗe. Na kama diddigenta na tura kamar da. Ƙafar ta tsaya kamar taɓarya.

Muhibbat ba ta zage ni ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

"Yi haƙuri, mijina..."

"Riƙe wuyana."

Na ɗauke ta zuwa tasi, matan unguwa na kallo. A asibiti nas ɗin, Bayarabiya, ta toshe hanci ta ce, "Ah, Alhaji, kilode? Me ya faru haka?" Suka wanke ciwon, suka yi ta allurai har ya warke. Daga baya suka sa ta barci suka lanƙwasa gwiwar da ƙarfi. Kaɗan ta ba da kai ta tsaya. Likita ya ce naman ya riga ya kama, an makara.

Kafin mu dawo gida Inna ta hau motar Kano. Ta bar saƙo cewa ba za ta ƙara taka gidan marar kunya ba. Har yau in Muhibbat ta kira ta, ba ta tambayar lafiyata. A Sabo ma marar kunya ake kirana. Su yi ta kira. Jafaru na nan yana ɗorinsa, 'yan dubiya sun koma wani gidan.

Rannan da la'asar na ga Muhibbat ta jawo tsohuwar kujerar robarta. Ta nuna mini saman durowa.

"Ɗauko mini dardumar Mokola."

"Me za ki yi da ita?"

"Shimfiɗa mini a ƙarƙashin kujera... ko ƙafata ta taɓa."

Na shimfiɗa. Ta zauna, ƙafar a miƙe, ta tayar da salla. Da ta zo sujada ta sunkuya iyakar ƙarfinta, goshinta ya tsaya a iska.