Ɗigon da Bai Haska Ba

Faɗa ne ya kawo shi ranar da suka fara haɗuwa. Ya turo ƙofar ɗakin gwaji riƙe da tiren gilasai, kowanne an ja masa jan layi.

"Wa ya dawo mini da aikina?"

"Ni ce," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ɗige-ɗigen duk sun yi rami a tsakiya. Da waɗannan za a karanta jinin mutane?"

Shi ke kula da na'urar da ke ɗiga guntayen DNA a kan gilashi, ita ke tantance su kafin a yi gwaji da su. Da fushi ya shigo, da lambar wayarta ya fita. Ya kuma raɗa mata suna Jan Biro.

"Jan Biro, zuciyata ma sai kin tantance?" ya rubuto mata.

"Ita ta ci jarrabawa, Injiniya. Gilasanka ne ban yarda da su ba."

Da manyansa suka zo neman aurenta, sharaɗi ɗaya Baba, mahaifinta, ya kafa: a gwada jini. Sikila ce ta raba shi da ɗansa na fari. Sakamako ya nuna su biyun suna ɗauke da ita. Baba ya ce a haƙura, idonsa jawur.

Ta sha kuka har ta gode Allah. Da ta koma aiki, zuciya ta ja ta ta buɗe hoton gilashin da aka gwada jinin Injiniya da shi. A kusurwa akwai ɗigon shaida, wanda dole ya haska in gilashin lafiya yake. Dishi-dishi yake. Ta duba lambar gilashin. Rukunin gilasan nan ita ta sa masa hannu ba tare da ta duba ba, ranar da Injiniya ya tsaya a kanta yana ba ta dariya.

"In na faɗa, aikinmu na iya tafiya," ta rubuta masa. "Sabon gwajin ma yana iya maimaita na farko."

"Faɗa, masoyiya. Ba jininmu kaɗai aka karanta da su ba."

Da ta faɗa, shugabar ɗakin ta dakatar da su biyun daga aiki, ta sa aka kira duk wanda rukunin ya shafa. Aka sake gwajin ba da hannunsu ba. Jinin Injiniya ya fito lafiya lau.

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kawunansu.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku 'ya'yan da za su binne ku, ba ku ku binne su ba."