Damin Iri a Saman Murhu

A wani ƙauye, can da daɗewa, an yi wata mata mai bin Yesu. Da maƙwabciyarta za ta tafi jinyar uwarta, sai ta kawo mata damin dawar da ta ware don iri, ta ce, "Yaya, rataye mini a saman murhunki, hayaƙi ya kore ƙwari."

Ba a daɗe ba yunwa ta shigo garin. Rumbuna suka zama wayam, mutane suka daka irinsu suka ci. Matar nan kuwa ganyen tafasa take dafa wa 'ya'yanta, damin yana rataye bisa kanta.

Ƙanwar mijinta ta zo ta ce, "Ke dai akwai wauta! Ga abinci, yara na kuka? Ki ce ɓera ne ya ci."

Ta ce, "Ba nawa ba ne. Ubangiji ya yi alkawari ba zai yashe mu ba."

Wata rana autarta ta ƙi cin tafasa, ta kwanta shiru. Matar ta taka turmi, har hannunta ya taɓa zangarniya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ce a hankali, "Ba nawa ba ne. Ubangiji ya yi alkawari." Ta sauko, ta tafi daji neman wani ganyen.

Da ruwan farko ya sauka, maƙwabciya ta dawo da ɗan hatsin ci. Duk unguwar ba abin shukawa sai damin nan. Matar ta sauko mata da shi, maƙwabciya ta raba shi biyu, ta ba ta rabi.

Ƙanwar miji ma ta zo da ƙwaryarta, kai a sunkuye. Matar ta zuba mata, ta ce, "Ungo, ga abin da ɓera ya rage."