Madubin Baba Filibus

Da hantsi aka kira komisariya, ofishin 'yan sanda, daga unguwar Lamordé: an yi wa wani tsoho sata. Sufeto Gideyon ya hau babur ya haye gada.

Baba Filibus ya yi aikin awon filaye har ya yi ritaya, tun daga nan yake tara tsofaffin kayan tagulla. Ɗakinsa cike yake da su: na nuna arewa, na auna tsayin taurari, na daidaita ƙasa. Hasken taga ya sauka a kansu, bango ya yi rawaya, sai Sufeto ya ji kamar ƙarƙashin ruwa ya shiga.

"Me aka ɗauka, Baba?"

"Madubin hangen nesa, na wani jirgin teku. Ni ban taɓa ganin teku ba, amma in na sa ido a ciki har ƙanshinsa nake ji."

Ba a fasa ƙofa ba. A gindin kantar da ake ajiye madubin akwai busasshiyar laka, irin ta bakin kogi.

Sufeto ya juya ga Dorkas, 'yar tsohon.

"Wa ya shigo jiya?"

"Ba kowa, Yallaɓai Sufeto. Ina gida wuni guda."

"Maƙwabciya ta ga kin tafi coci da la'asar."

Dorkas ta sunkuyar da kai. "Na bar ƙofa a buɗe don Isaka mai kwale-kwale ya ajiye mana kifi. Baba yana barci. Na ji tsoron faɗa ne."

Da yamma Sufeto ya gangara bakin kogi. Rana ta yi sanyi, ruwa yana tafiya a hankali. Can tsakiya wani abu ya ƙyalla, ya ɓace, ya sake ƙyallawa. Ya zauna a kan yashi yana jira har kwale-kwalen ya iso gaci.

"Isaka, ka je gidan Baba Filibus jiya?"

"A ƙofa na tsaya, ranka ya daɗe. Ban shiga ba."

"To wannan zoben da ya kwanta kewaye da idonka na dama fa? Me ka danna a wurin?"

Isaka ya shafa ido. Sannan ya ɗaga taru. Madubin na nan, naɗe da rigar yarinya.

"Ni na ɗauka," in ji shi. "Ambaliyar bara ta tafi mini da 'yata Delu. Ba a ga gawa ba. Baba ya taɓa ce mini wannan abu yana jawo na nesa kusa. Na ce bari in duba tsibiran nan, ko wani ya tsince ta."

"Me ya hana ka roƙa?"

"Sai a ce na haukace. Uwarta ma haka take cewa."

Sufeto ya karɓi madubin, ya sa a ido. Ciyawar ruwa ya gani tana yawo, da wata balbela a kan dutse, da mata masu wanki a ɗaya gacin. Ya sauke.

"Dole mu je komisariya. Zan gaya wa Baba duk abin da ka faɗa."

Isaka ya ɗaure kwale-kwalensa, ya ninke rigar ya sa a ƙirji. Suna hawa tudu ya tambaya a hankali:

"Ranka ya daɗe, kai ma ba ka ga kowa ba?"

"Ban gani ba, Isaka."

Isaka ya gyaɗa kai, ya hau bayan babur.