Kafin Allura Ta Shiga

"Miƙo hannunka!"

Ya ƙi. Sai ma ya cusa hannayen biyu ƙarƙashin bargo ya juya fuskarsa bango. Robar oksijin na maƙale a hancinsa, ƙirjinsa na hawa da sauka da wannan siririn kukan da na tsana.

"Fenta, da kai nake!"

Nas ɗin da ke tsaye riƙe da allura ta sauke numfashi. "Ke ce matar da zai aura? To ki yi masa magana. Tun ɗazu muke fama, ya ce ko ɗigo ba za mu ƙara ɗiba ba."

Ta ajiye tiren ta fita.

Fenta nake kiransa, kamar kowa, saboda fentin motoci ne sana'arsa. Ya yi shekaru yana feshi ba ko ƙyalle a hanci, ga sigarin da sai da na shigo rayuwarsa ya yar. Huhun ya gaji. Ciwo ne da ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi, wani lokaci ya kwanta, wani lokaci ya tashi kamar zai tsaga masa ƙirji. Na san da haka na ce ina so. An sa rana, har na yanka rigar aurena da hannuna a shagon ɗinkina, sai ga shi da asuba an kwaso shi ba ya iya haɗa kalma biyu.

Na zagaya ta inda ya juya na tsuguna.

"Masoyi... me na yi maka?"

"Ki tafi gida, Kafiya."

Sunan da ya raɗa mini ke nan, wai ko jaki ya san ni ya bar mini hanya.

"Ba inda za ni. Me ya sa ka hana a ɗebi jinin?"

Ya daɗe yana tattaro numfashi.

"Yayanki ya zo... ya faɗa mini sharaɗin Baba. In gwaji na biyu ya yi kyau, a ɗaura. In bai yi ba... a fasa." Ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa. "In ba a gwada ba, ai ba a fasa ba."

Wato saboda ni mutumin nan yake wasa da ransa!

Yayan da yake nufi ɗan yayar Mama ne, mai shagon magani a bakin titinmu. Tun ina makaranta yake zuwa gidanmu da turare da murmushin da ba ya kaiwa ido, ni kuma tun lokacin nake ce masa a'a. Da safen nan ya zo dubiya, wai zumunci. Ashe kunne ya kawo.

Na miƙe na nufi ofishin likita ko ƙwanƙwasawa ban yi ba.

Dattijuwa ce mai tabarau, ba ta da saurin fushi. Ta nuna mini kujera.

"Likita, ki faɗa mini gaskiya. Zuciyarsa ta lalace?"

"Ban ce ba. Zauna tukuna." Ta cire tabarau. "Idan ciwon huhu irin nasa ya tashi, zuciya ce ke ɗaukar wahalar, tana aiki da iskar da ba ta ishe ta ba. In ta galabaita, akwai wani sinadari da take saki cikin jini. Shi muka gani ya hau a gwajin safe."

"To shi ke nan?"

"Gwaji ɗaya ba ya ba da labari duka. Sai an sake bayan wasu awanni. In ya tsaya ko ya sauka, mai yiwuwa wahalar numfashin ce kawai. In yana ƙara hawa, to zuciyar kanta na neman taimako, kuma ba a jira da ita."

"In ya ci gaba da ƙi fa?"

"Ina yi masa magani ido a rufe ke nan."

Ban san lokacin da na fito titi na tare mota ba.

A falo na same su. Baba na kan kujerarsa, sandarsa jingine da gwiwa. Mama na gefe da jajayen idanu. Yaya kuwa ya harɗe yana shan shayi, kai ka ce gidan ubansa ne.

"Yawwa, ga ta nan," in ji Mama. "Auta, zo ki ji. Yayanki ya ce zuciyar yaron nan ta gama aiki. Huhu babu, zuciya babu, me za ki aura? Takaba?"

"Ni dai abin da na ji da kunnena na faɗa," Yaya ya ce yana juya cokali. "Mu da muke harkar magani mun san irin wannan. Ba ya daɗewa."

"Yaya, sayar da maganin tari bai mai da kai likita ba!"

"Auta!" Mama ta daka mini tsawa.

"Ki bar ni, Mama! Ya je har gadon marar lafiya ya faɗa masa in gwaji ya ɓaci an fasa. Yanzu ga shi can ya hana a taɓa shi. In wani abu ya same shi yau, ba ciwo ne ya kashe shi ba, sharaɗinku ne!"

Cokalin Yaya ya tsaya.

Baba ya ɗago a hankali. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye maganarsa ta yi nauyi, amma ba ta rasa kaifi ba.

"Ni na ce a jira sakamako. Ban ce a kai masa ba."

Ya dubi Yaya. Yaya ya dubi kofinsa.

Na durƙusa gaban Baba, amma ban sauke ido ba.

"Baba, ban taɓa tsallake maganarka ba. Yau ma roƙo na zo yi. Ka ba da amsarka kafin allura ta shiga. In e ce, ta zama e ko me jinin ya nuna. In a'a ce, ka faɗa mini yanzu, in san ni kaɗai zan koma in riƙe masa hannu. Amma kwalbar jini ba za ta zaɓa mini miji ba."

"Yarinya, ba ki san jinya ba," Mama ta ce tana kuka. "Ba ki san mene ne ki kwana kina sauraron numfashin mutum ba."

"Na sani, Mama. A wurinki na gani."

Na juyo gare ta na ci gaba.

"Ke kike ɗaga Baba, ke kike sa masa takalmi, ke kike yanka masa farce. Da a ce ranar aurenku wani ya zo ya ce miki ga abin da zai same shi, za ki fasa?"

Mama ta kai dubanta ga hannun Baba da ke kwance kan cinyarsa ba ya motsi, sai ta miƙa nata ta gyara masa hannun riga, yadda ta saba, ba tare da ta san ta yi ba.

Baba ya jawo sandarsa.

"Ɗauko mini hulata."

Kafin mu isa asibiti rana ta fara sanyi. Baba ya ƙi a tura shi a keke, da ƙafarsa ya ja har bakin gadon. Fenta na ganinsa ya yunƙura zai tashi.

"Kwanta," in ji Baba. "Kai ne mai taurin kan?"

"Baba... ku yi haƙuri..."

"Ka saurare ni, ba na son maimaitawa. Na ba ka ita. Ko jinin nan ya fito fari ko baƙi, na ba ka. Yanzu fito da hannun nan kafin in sa maka sanda."

Fenta ya dube ni. Hawaye na gangarowa ta gefen robar.

"Kafiya... me kika yi?"

"Aikina. Miƙo hannu, Masoyi."

Ya miƙo. Na riƙe ɗayan, yatsun nan masu ragowar shuɗin fenti a ƙarƙashin farce, har nas ta cika kwalbarta.

Muka zauna jira. Ina ta faɗa wa raina sinadarin zai sauka, dole ya sauka, ai mun sha wahalar da ta isa.

Da likita ta dawo, tafiyarta kawai na gani na gane.

"Ya ƙara hawa," ta ce. "Za mu mai da shi sashen zuciya yanzu. Gara da aka ɗiba, da an kai gobe ban san me zan ce muku ba."

Mama ta dafe ƙirji tana salati. Daga bakin ƙofa, inda ya laɓe tun zuwanmu, Yaya ya yi gyaran murya.

"To, Baba, kun dai ji da kunnenku..."

Baba bai ko waiwaya ba.

"Na ji. Surukina ba shi da lafiya. Matsa daga hanya za a wuce da shi."

Aka turo gadon. Ina gefe ɗaya riƙe da hannun Fenta, Baba na ɗaya gefen, ya rataye sandarsa a ƙarfen gadon ya dafa da hannunsa mai lafiya, yana jan ƙafa yana turawa. Nas ta ce ya bari, ya ce ba zai bari ba.

An ɗaga ranar, amma ba a fasa ba. Fenta ya fito daga asibiti da jakar magunguna da dokoki masu yawa, ya bar feshi har abada, yanzu launi kawai yake haɗa wa yaran garejin daga nesa. Likita ba ta yi mana alkawarin tsufa tare ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Ranar da na shiga gidansa da rigar da na ɗinka, ya tsaya a bakin ƙofa yana haki kaɗan, yana murmushi.

"Kin san fa abin da kika aura, Kafiya? Huhu rabi, zuciya mai faci."

Na ɗora kunnena a ƙirjinsa. Tana bugawa, a hankali, amma tana bugawa.

"Na sani," na ce. "Ka sha maganin yamma?"

"Yanzu fa kika shigo!"

"Miƙo hannunka."