Layin da Aka Ce a Kankare

An ce a can ƙasar Ingila, tun ana rubutu a kan fatar tumaki, akwai wani tsoho a gidan masu ibada na Kirista. Aikinsa rubuta tarihi, kowace shekara layi ɗaya. Annoba ta kwashe 'yan'uwansa, ya saura shi kaɗai. Shi kaɗai yake addu'a, shi kaɗai yake cin abinci.

Ran nan sai ga manzon sarki. Ya buɗe littafin tarihin, ya ɗora yatsa a layin bara: "Mahara sun zo ta teku, sarki ya gudu."

Ya miƙa wa tsoho wuƙa. "Baba, fata ce, ba dutse ba. Kankare, mu tafi fada. Can akwai mutane, akwai hira."

Tsoho ya dubi kujerun da babu kowa a kansu, idonsa ya ciko.

"Ɗana, da gaske akwai hira?"

"Har ka gaji."

"To, sarkin bai gudu ba ne?"

Tsoho ya mayar wa manzo da wuƙarsa.

Da shekara ta ƙare, ya zauna shi kaɗai, ya rubuta: "Bana baƙo ɗaya ya zo, ya tafi."