Makamin da Ke Cire Ɗaya

Da yamma liƙis tela ya rufe shagonsa, ya ɗauki rigar da ya ɗinka wa mai shagon wasan kwamfuta na ƙarshen layi, ya nufi can. Abokan wasansa na intanet Alƙali suke ce masa, domin duk gardamar da ta tashi a kan makamai shi ke raba ta. Ta satin nan kuwa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: takobin wuta ne ya fi ɓarna, ko gatarin ƙanƙara?

Ya tarar ba kowa sai mai shagon, yana naɗe hannun riga.

"Alƙali, Allah ne ya kawo ka. Riƙe min shago in yi magariba. Kar dai in dawo in tarar ka tare a nan da keken ɗinkinka."

Tela ya yi dariya, ya ja kujera, ya maƙala abin sauraro a kunne. Fanka na juyawa tana kuka ƙasa-ƙasa. Ɗakin na warin robar waya mai zafi. Ya shiga filin gwaji na cikin wasan, inda ake saran gunkin katako a ga lambar ɓarna. Takobi ya cire dubu huɗu da ɗari biyu. Gatari ya cire dubu biyar, amma kafin a ɗaga shi sau ɗaya takobi ya yi sara biyu. Ya rubuta a bayan takardar awo.

Yana ɗago kai ya ga wani tsaye gefen gunkin. Dogo, a lulluɓe. Kowa a wasan da sunansa yake yawo a saman kai. Wannan babu.

"An ce kai ne alƙali," wata murya ta raɗa masa. "Gwada a jikina."

Tela ya sare shi da takobi. Sifili. Ya sauya gatari. Sifili.

"Yanzu ga makamina."

Baƙon ya zaro wani abu siriri kamar tsinke, ya taɓa hannun jarumin da tela ke wasa da shi. Lamba ta fito a allo.

Ɗaya.

Tela ya kusa fashewa da dariya. Sai ya ji ƙaramin yatsansa na dama ya yi sanyi ƙalau. Ya motsa shi, ya ƙi.

Fanka ta tsaya cak. Warin ƙonannen gashi ya cika ɗakin.

Ɗaya. Yatsa na biyu ya mutu.

Ya danna fita, wasan ya ƙi. Ya yi jifa da abin sauraron, ya sa ƙafa ya fizge wayar wuta daga bango. Allon bai ko ƙifta ba.

"Naku na cire dubbai a cikin gilashi." Yanzu muryar a bayan ƙeyarsa take, da numfashi mai ɗumi. "Nawa ɗaya-ɗaya, amma ba ya dawowa. Wanne ya fi?"

Ɗaya.

Tsinken ya bar hannu, ya nufi ƙirji.

"Naka," tela ya ce da ƙyar. "Naka ya fi. Innalillahi..."

"Assalamu alaikum!" Mai shago ya turo ƙofa.

Allon ya yi baƙi ƙirin.

A ƙasa ya sami tela, jiƙe da gumi, ya rungume hannunsa a ƙirji kamar jariri.

Likita ya duba, ya ce jijiyoyi lafiya lau. Amma yatsu ukun nan ba su ƙara jin zafi ko sanyi ba. Tela ya koyi riƙe almakashi da hagu, matarsa ke zura masa zare kowace safiya, ba ta taɓa tambayarsa abin da ya faru ba.

Mai shago ya sayar da kwamfutar a satin. Bayan kwana biyu ya zo buɗe shago, ya tarar da ita a bakin ƙofa. Wanda ya saya ya dawo da ita, bai tsaya ya yi wa kowa magana ba.